Da a Ce Turawa Ba Su Ci Kano Ba: Sabbin Marubuta da Tarihin da Bai Faru Ba

Bayan sallar isha'i, idan an ɗauke wuta zafi ya koro mutane daga ɗaki, teburin mai shayi yakan koma majalisa. Da tsadar shinkafa ake farawa, ko ƙwallon jiya, amma ba a jimawa sai wani ya jefo maganar da ba ta tsufa: "Wallahi da Turawa ba su zo ƙasar nan ba, da yanzu mun fi Dubai."

Kafin ya rufe baki wani ya tare shi. "Haba Malam! Da yanzu kana bisa jaki. Wa ya sani ma ko da an kama kakanka an kai kasuwa?"

Shi ke nan gardama ta kaure. Wannan ya kawo Sardauna, wancan ya kawo dalar gyaɗa, dattijon da ke gefe ya ce duk ku yara ne. Shayi ya huce, ba wanda ya ci, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Ana yin wannan gardama a Fagge, ana yin ta a Damagaram, ana yin ta a zangon Kumasi, yanzu kuma ta tare a Facebook da zaurukan WhatsApp. Abin da yawancin masu yin ta ba su lura da shi ba shi ne, a wasu ƙasashe wannan hira fanni ce guda ta adabi, da marubutanta da kyaututtukanta da ɗimbin masu karatu. A gefe guda kuma ga dubban samari da 'yan mata riƙe da waya, suna ƙaiƙayin rubutu, amma sun ɗauka idan ba soyayya ko rikicin kishiya ba, babu abin da za a karanta. Waɗannan biyun sun daɗe suna zaune unguwa ɗaya ba su gaisa ba.

Mene ne labarin "da a ce"?

Ƙagaggen labari ne da ke ɗaukar tarihi na gaskiya, ya bi shi har zuwa wata mararraba, sannan ya karkata ta hanyar da ba a bi ba. Yaƙin da aka ci sai a ce an sha kashi. Shugaban da aka kashe sai ya tsira. Daga nan marubuci ya zauna ya lissafa abin da zai biyo baya, ya zuba mutane a cikin wannan duniya, su yi aure, su ci bashi, su yi tsegumi, ba tare da sun san duniyarsu ta saɓa da tamu ba.

Ba sabon abu ba ne. Kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, Livy, marubucin tarihin Rumawa, ya dakata a tsakiyar littafinsa ya tambayi abin da zai faru da Iskandar na Makidoniya ya juyo yamma ya far wa Rum. Da yake Barume ne, sai ya yanke cewa Rumawa ne za su yi nasara. A 1836 wani Bafaranshe, Louis Geoffroy, ya rubuta littafi sukutum inda Napoleon ya ci Rasha a 1812, ya ci Ingila, ya mallaki duniya. Tun daga tushe ke nan fannin yana ɗauke da cutarsa: kowa gidansu yake bai wa nasara.

Littafin da ya fi fito da fannin a zamanin nan shi ne The Man in the High Castle na Philip K. Dick, wanda ya fito a 1962. A cikinsa Jamus da Jafan ne suka ci Yaƙin Duniya na Biyu suka raba Amurka. Mararrabar da ya zaɓa ƙarama ce ƙwarai. A Fabrairun 1933 wani mutum ya harbi zaɓaɓɓen shugaban Amurka Franklin Roosevelt a Miami ya kuskure shi, harsashi ya sami magajin garin Chicago. Dick cewa ya yi kawai: bai kuskure ba. Robert Harris ya biyo da Fatherland a 1992, labarin ɗan sanda mai bincike a Berlin ta 1964 da Hitler ke mulki har ya tsufa. Tun tsakiyar shekarun 1990 ma akwai kyauta ta musamman, Sidewise, da ake bai wa gwanayen wannan fanni duk shekara.

Ina Afirka a ciki?

A littafin Dick, Afirka 'yan layuka ta samu: 'yan Nazi sun shiga sun yi kisan ƙare-dangi, an wuce wurin. Haka abin ya daɗe. Nahiyar takan fito a matsayin fili da wasu ke rabawa, ba wurin da ake yanke shawara ba.

Daga baya ne aka fara juya akalar. A 2002 Kim Stanley Robinson ya fitar da The Years of Rice and Salt, inda annobar da ta auka wa Turai a ƙarni na 14 ta shafe kusan kowa, aka bar duniya a hannun Musulmi da Sinawa da Indiyawa. A shekarar ce kuma Steven Barnes, baƙar fatar Amurka, ya rubuta Lion's Blood: Musulmin Afirka ne suka zauna Arewacin Amurka, suna kiran ƙasarsu Bilalistan, bayinsu kuwa daga Ayalan ake kamo su. Abdourahman Waberi na Jibuti ya yi nasa da Faransanci a 2006, inda Afirka tarayya ce mai arziki, hedkwatarta Asmara, Turawa ne ke tururuwar neman mafaka. Nisi Shawl kuma a Everfair, 2016, ta koma Kwango ta zamanin Sarki Leopold ta ba mutanen ƙasar jiragen sama masu tafiya da tururi.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki, a wasannin kwamfuta ƙasar Hausa ta riga ta shiga. A Crusader Kings III, na wani kamfanin Suwidin, ɗan wasa yana iya ɗaukar Daurama ta Daura ya kafa daula da ita. A Victoria 3 yana iya riƙe Sakkwato tun daga 1836 ya gwada ko zai tsallake ƙarnin ba a ci shi ba. Wato yaro a Poland ko Brazil yana kwana yana sake rubuta tarihin Daura a allon kwamfuta, mu kuwa da muke da kakannin da suka ga abin, a bakin mai shayi muke barinsa.

Da 'yan koyo aka soma

Duk wanda yake jin kunyar fara rubutu don shi ba kowa ba ne, ya waiwayi 1933. A shekarar ce Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga yana roƙon malaman makaranta su gwada ƙirƙirar labari da Hausa. Da yawa abin ya yi musu banbaraƙwai, don a wurinsu tatsuniya ta mata da yara ce, alƙalami kuwa na ilimi ne.

Waɗanda suka amsa ba marubuta ba ne. Abubakar Imam yana da shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauci da ya rubuta Shaihu Umar. Babu wanda ya taɓa wallafa ƙagaggen labari a cikinsu, babu kuma wanda ya gada. Da Idon Matambayi da Jiki Magayi da Ganɗoki, littattafai biyar ke nan da har yau ake karantawa a makarantu, dukkansu aikin sababbin hannu.

Ganɗoki ne ya fi shafar zancenmu. Malam Bello Kagara, wan Abubakar Imam, ya ɗauki zuwan Turawa, abin da ya faru shekara talatin kacal kafin nan, ya saka jarumin da ya yi yaƙi a ɓangaren Kwantagora, sannan ya tura shi gabas cikin aljanu shi da ɗansa Garba Gagare. Ba labarin "da a ce" ba ne cikakke, domin Ganɗoki ya dawo ya tarar Turawan suna nan daram. Amma ƙishirwar ɗaya ce. Nasarar da aka rasa a fagen fama, sai marubuci ya je ya nemo wa jaruminsa a wata duniya. Turawa ne kuma suka buga littafin, abin da ya isa ya nuna dalilin da ya sa bai iya wuce nan ba.

Haka aka sake yi a shekarun 1980 da 1990. Adabin Kasuwar Kano ba daga jami'a ya fito ba. Matan aure ne da 'yan kasuwa da ɗalibai suka riƙa tara kuɗi suna buga littattafansu, ana yi musu dariya ana cewa ba su iya ƙa'idar rubutu ba, har sai da sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka zama abin nazari a jami'o'in da suka raina su. Yanzu kasuwar ta koma waya: Wattpad, ArewaBooks, zaurukan WhatsApp, da gasa irin Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara wa mata a 2016.

"To me za ka samu?"

Wannan ita ce tambayar da ke kashe sha'awar ɗan koyo tun tana jaririya. A gida ake fara yi masa ita. Idan yarinya ta koyi ɗinki ko girke-girke an gane, don gobe zai kawo kuɗi. Idan ta ce tana rubuta labarin da ba ta yi niyyar sayarwa ba, ko saurayi ya zauna yana zana taswirar ƙasar da babu ita, sai a ce zaman banza ya yi musu yawa. Ba laifin iyaye ba ne kacokan. A lokacin da kwanon masara ke neman gagarar magidanci, abin da ba ya kawo ko sisi yana da wuyar karewa.

Sai dai matsawa kan riba tun ranar farko yana da nasa illar, kuma ana ganinta a rubutun onlayin. Marubuciya ta fara sakin shafi biyu uku kyauta, sannan ta ce saura littafin kuɗi ne. Daga ranar da aka biya ta, masu karatu sun zama iyayen gida. Su ke cewa a ƙara shafi yau, su ke cewa kada a kashe wance, su ke fushi idan an kwana biyu ba a saki ba. Wanda ke rubutu a wannan matsi ba shi da sukunin tsayawa ya bincika wace irin bindiga dakarun Kano suka riƙe, ko kwana nawa ayari ke yi daga Kano zuwa Agadas. Dole ya koma abin da ya riga ya san yana tafiya.

Ga kuma ƙananan wahalhalun da kowa ya sani: caji, kuɗin data, babban yatsa da ke tsami saboda buga dubban kalmomi a waya, allon rubutu da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, da masu kwafe labarin mutum su cire sunansa su watsa. Amma idan aka tona, babbar matsalar ba waɗannan ba ce. Kunya ce. Mutum yana son shafinsa na farko ya yi daidai da Magana Jari Ce, da ya ga bai kai ba sai ya goge.

A nan ne rubutun sha'awa ya fi na kasuwa daraja ga mai farawa. Ba wanda ya biya, don haka ba wanda ake bi bashi. Labarin zai iya lalacewa a sake shi. Labarin "da a ce" kuwa yana rage wa ɗan koyo rabin nauyi, domin ba sai ya ƙirƙiro duniya daga babu ba. Garuruwan suna nan, sarautun suna nan, har hanyoyin fatake suna nan. Abu ɗaya kawai zai taɓa.

Mararraba ba ta ƙarewa

Kowa da 1903 yake farawa, kuma da dalili. A farkon Fabrairun shekarar Kanar Morland ya shiga Kano da sojoji kimanin 700, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. A tsakiyar Maris aka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi, a ƙarshen Yuli ya yi shahada. Ɗansa ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Shuɗin Nilu har gobe.

To a ce an kori Morland daga ganuwar Kano. Sai me? A nan ake gane marubuci da mai mafarki. Mai mafarki zai tsallaka kai tsaye zuwa Kano ta yau mai benaye hawa ɗari. Marubuci kuwa dole ya tuna cewa shekara takwas kacal kafin nan aka gama Basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa, raunin bai warke ba. Dole ya tuna Damagaram ta kawo hari har kusa da birni, Ningi ba ta bar kudancin Kano ya huta ba, Rabe ya rushe Kukawa a 1893. Faransawa sun riga sun zauna Damagaram tun 1899, Jamusawa suna ta kutsowa Adamawa. Idan Ingila ta janye, abin da ya fi kusa shi ne Kano ta wayi gari tana koyon Faransanci. Dole kuma ya haɗiye wata gaskiya mai ɗaci: yawancin sojojin da suka harba bindigogin Morland baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Me ya kai su? Amsar wannan tambaya kaɗai ta isa littafi.

Akwai kuma maganar bayi, wadda masu gardamar majalisa ke son tsallakewa. Kasuwar bayi tana ci a manyan biranenmu har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, rumada cike suke da masu noma ba da son ransu ba. Duk labarin da ya ce daular ta ɗore, sai ya faɗi yadda ta yi da waɗannan mutane. Idan ya yi shiru, ba tarihi ya sauya ba, wanki ya yi masa.

Satiru ma mararraba ce, kuma ta fi 1903 sarƙaƙiya. A Fabrairun 1906 talakawan wannan ƙauye da ke kusa da Sakkwato, da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Na ɗan lokaci mulkin Turawa a Arewa ya yi rawa. Abin da ya cece shi shi ne sarakuna sun tsaya bayansa, wata guda bayan nan aka shafe ƙauyen. Da sun juya fa? Wa zai mulki wa bayan an gama?

Ni dai a ganina mararrabar da ta fi daɗi ba ta yaƙi ba ce. Ɗauki iyakar Nijeriya da Nijar. A yarjejeniyar 1898 an ɗora tsinken kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil ɗari, duk abin da ke ciki na Ingila ne, har da Birnin Ƙonni. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, ayarinsu ba zai iya bi ba. Suka dawo teburin ciniki. A 1904 aka turo iyakar kudu, aka ƙarasa gyaranta a 1906. Daga cikin abin da Faransa ta bayar a madadi har da tsohon haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can gabashin Kanada ta yau.

A tsaya a duba wannan da kyau. Kifin wani teku da Baƙonne bai taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa jikansa yau ke riƙe da sefa ba naira ba, yake cewa lakwal ba makaranta ba, yake nuna takarda kafin ya je suna Illela. Ɗan koyo ba ya bukatar runduna ko fada don ya rubuta wannan. Gida ɗaya ya ishe shi: 'yan'uwa biyu, rijiya ɗaya, da Baturen da ya zo kafa turken iyaka ya kafa shi a ɗaya gefen.

Haka gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suke hange don masaƙun Lancashire. Manoma da fataken Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi, ga shi ana iya cin ta idan kasuwa ta faɗi, audugar kuma masaƙan gida suna sayenta da daraja. Daga wannan zaɓi aka sami dalar gyaɗa da arzikin gidaje irin na Alhassan Ɗantata. Haka nan boko da ajami: shawarar 'yan mutane ƙalilan ce a farkon mulkin Turawa ta sa makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano ta kama haruffan Rumawa. Da ajami aka zaɓa, da almajiri ne ɗan boko.

Masu ja da baya

Ba kowa ne ke ganin wannan wasa da kyau ba, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na farko ta fuskar addini. Akwai hadisi sananne a Sahihu Muslim da ya hana mumini, idan wani abu ya same shi, ya riƙa cewa da ya yi kaza da kaza ce ta faru, domin wannan yana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya dole gabansa ya faɗi idan aka ce masa ga adabin da aka gina kacokan a kan "da a ce". Masu ɗaya ra'ayin suna nuni da cewa Imamu Buhari ya ware babi guda kan wuraren da faɗin hakan ya halatta, kuma masu sharhin hadisi sun bayyana cewa abin da aka hana shi ne nadama mai ja da hukuncin Allah, ba yin misali don a fahimci dalilan abubuwa ba. Hukunci na malamai ne. Abin da marubuci zai ɗauka a nan shi ne akwai bambanci tsakanin labarin da ke kuka kan abin da ya wuce da wanda ke nazarinsa, kuma mai karatu yana jin bambancin tun shafin farko. Akwai kuma iyakar da ba sai an faɗa wa kowa ba: tarihin Annabawa da Sahabbai ba fagen wannan wasa ba ne.

Na biyu malaman tarihi. E. H. Carr, masanin tarihi na Ingila, tun 1961 ya ɗauki irin wannan tunani a matsayin wasan ɗebe kewa na zaman falo. Damuwar malamanmu ta fi tasa nauyi. An yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun Nijeriya, ga shi kuma duk abin da aka rubuta a WhatsApp akwai mai ɗaukarsa gaskiya. Labarin da ya ce an ci Turawa a Burmi zai iya yawo har ya rasa kansa da ke cewa ƙage ne, wani ya kafa hujja da shi. Wannan tsoro gaskiya ne. Amsar da ake ba su ita ce, babu mai iya karkatar da tarihi sai ya san inda ya miƙe. Yaron da ke son ya tserar da Attahiru daga Burmi zai karanta abin da bai taɓa karantawa don jarrabawa ba.

Na uku shi ne wanda ya fi zafi. Mutanen da ke cikin waɗannan labarai suna da jikoki a raye, wasunsu a kan karaga. Wanda ya rubuta cewa Yunfa ne ya yi nasara a Tafkin Kwatto a 1804, ko Alƙalawa ba ta faɗi a 1808 ba, ya sani ya sa hannu a gardamar Hausa da Fulani da ke ci yanzu haka a intanet, inda wasu ba labari suke nema ba, makami suke nema. Haka 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna. "Da Sardauna yana raye" ita ce "da a ce" da ta fi kowace yawo a Arewa, amma kusan kullum a matsayin makoki ake faɗinta. Marubucin da zai taɓa ta da gaske sai ya bar Sardauna ya tsufa, ya yi kuskure, ya fuskanci rikicin Tibi da 'yan NEPU da kuɗin man fetur, wataƙila ma ya faɗi zaɓe. Masu karatu nawa ne za su yafe masa? A Kano, garin da aka taɓa ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a 2007, kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i take da ido a kan abin da ake bugawa, ba abin mamaki ba ne idan sabon marubuci ya zaɓi rijiyar Ƙonni ya bar fada.

Daga ina za a kama?

Ba daga babban littafi ba. Gajeren labari mai kalma dubu ko dubu biyu ya isa gwaji, a ba abokai uku huɗu da za su faɗi gaskiya, musamman wanda ya fi kowa gardama a majalisa, don shi zai fara gano inda lissafi ya karye.

Karatun ma ba sai an je Landan ba. Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu suna ba da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello yana ba da jihadi daga bakin wanda ya yi shi, a tuna dai ɓangare ɗaya ne ke magana. Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna a buɗe suke. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan raƙumi kimanin 300 na tufafin Kano ke tafiya Tumbutu duk shekara, irin bayanin da ke nuna wa marubuci girman abin da yake wasa da shi.

Amma sarakuna da ranakun yaƙi ƙashi ne kawai. Naman yana wurin irin su Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954: yadda ake biki, yadda mahara ke kama mata a gona, yadda ake fansar wanda aka kama, abin da mata suka ji ranar da aka ce Turawa sun iso. A nan ne ɗan koyo zai ji me ake dafawa, da wane kuɗi ake ciniki kafin sulalla su kori wuri, wa ke gaida wa a durƙushe.

Sauran kuma yana cikin gida. Tsofaffin da suka ga zamanin En'e, suka biya jangali, suka yi dakon buhun gyaɗa zuwa tasha, suka tsallaka iyaka da jaki ba wanda ya tambaye su takarda, har yanzu akwai su, amma kullum raguwa suke yi. Waya tana ɗaukar murya, kuma yawancinsu ba su ƙi a tambaye su ba.